Kabarin da Aka Tsallake

Kafin Lasiyem, tsohuwar da kowa ke kira Mbok, ta sauko daga dajin itatuwan jati da ƙunshin ganye a bayanta, mutanen Kedungsari sun riga sun gano ɓarawo, sun yanke masa hukunci, sun kuma karya masa hannu. Abu ɗaya kawai ya gagare su, wato ganin saniyar.

Farar saniya ce mai tozo, ta Pak Darsun, mutum mai faɗin fadama da faɗin baki. An kwana da ita a garke, gari ya waye babu ita. Aka buga gungumen gangami, maza suka fito da lauje da sanduna, suka bi abin da suka kira sawu har cikin fadamar da aka girbe, inda wani mai kiwon agwagi ya kafa rumfar leda. Sunansa Kasmuri, mutumin gaɓar teku, irin masu bin girbi gari-gari da agwaginsu don su tsinci abin da lauje ya zubar. A Kedungsari kowa ya san masu agwagi ɓarayi ne. In ka tambayi wa suka taɓa yi wa sata, sai a dube ka kamar kai ma kana da agwagi.

Lasiyem ta sauke kayanta a gaban rumfar 'yan sintiri. A nan ta gan shi ɗaure da ginshiƙi, leɓe a fashe, hannun dama ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. A bayan rumfar an cusa agwaginsa cikin shingen gora, suna ta kuka a rana, ko ɗigon ruwa babu.

"Yauwa, Mbok, gara da kika iso," in ji mai unguwa, Pak Dukuh Mulyoto, yana gyara hula. "Ki duba mana inda ya kai ta."

"Wa ya kai ta?"

"Shi mana."

"Kun ga igiya a wurinsa? Kun ga gashinta a rigarsa?"

"Sawu ya shiga wurin agwaginsa, bai fito ba. Mun zauna mun yanke magana. Gobe kasuwar Pahing ce. In saniya ba ta fito ba, a sayar da agwagin a biya Pak Darsun, shi kuma ya san inda ya nufa."

"Kun zauna," in ji ta. "Kafin dukan kuka zauna, ko bayansa?"

Mulyoto ya yi kamar bai ji ba.

Bin sawu Lasiyem ta gada daga ubanta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin aladun dajin da ke tone wa mutane rogo. Tun rasuwarsa ita ake kira, amma ba a taɓa kiranta da wuri ba. Sai an gama tattake ƙasa, an gama zagin wanda za a zaga, sannan a tuna da ita. Ta dubi hanyar garken, duk ta zama kamar filin da aka yi rawar biki.

"Garada fiye da ƙima, kowa da ƙafafu biyu," ta ce, "babu wanda ya ce a tsaya a bakin hanya. Mulyoto, ka sa a ba tsuntsayen nan ruwa. In suka mutu, gobe ubanka za ka sayar?"

*

A gidan Darsun an riga an shimfiɗa tabarmi, ana shan shayi ana jaje kamar an yi mutuwa. Darsun na tsakiya yana ba da labarin karo na ba adadi.

"Asirin barci aka yi mana, Yu," ya ce mata, yana kiranta yaya irin yadda suke yi a can. "Ni da ko ɓera ya motsa sai na farka. Zo ki gani."

Matarsa Ponirah ta kawo faifai. A kai akwai jar ƙasa, busasshiya, da ta sharo daga rufin gida da na garke. A cikinta har da guntun farin fure.

"Ƙasar kaburbura bakwai," Ponirah ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Ana watsa ta a rufi, duk gida ya yi kamar gawa. Mutanen gaɓar teku ai sun gaji wannan."

Lasiyem ta murza ƙasar a yatsa. Ƙasar Kedungsari baƙa ce. Ja sai a kan tudun maƙabarta, inda bishiyoyin kamboja ke zubar da fure. Ba ta yarda akwai ƙasar da ke sa mutum barci ba. Ta san dai an yi biki a ƙauyen gaba, an yi kiɗa har gari ya kusa wayewa a daren shekaranjiya, kuma Darsun da 'yan sintiri duk suna sahun gaba. Mutumin da ya kwana yana liƙa wa mawaƙiya ba ya bukatar ƙasar kabari washegari. Amma wani ya yarda da abin, har ya hau tudu ya ɗebo, wannan kuwa sawu ne.

"Saniyar ba ta yi kuka ba?"

"Na ce miki asiri ne."

"Asirin ya kama saniya ta yi barci, kuma ta tashi ta yi tafiya?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye da Darsun ya juyo.

"Wa ke ba ta ciyawa?"

"Sarju."

Sarju na zaune a bakin garken da babu komai. Ɗan ƙanwar Darsun ne, marigayiya Warsiti, namiji cikakke mai faɗin kafaɗa da ƙarancin magana. A gidan kawunsa ya tashi, a nan yake yankan ciyawa tun yana da tsayin lauje. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura, fatar ta ɗaye.

"Wannan fa?" ta tambaya.

"Shi ya fara cafke ɓarawon," Darsun ya amsa da alfahari. "Sai da aka ɓanɓare shi."

"Kai nake tambaya, ɗan Warsiti, ba kawunka ba. Ba ka ji komai ba?"

"Na yi barci, Mbok."

"Kai ma."

Bai ɗago kai ba. Ta ɗauka baƙin cikin saniya ne, ta wuce.

*

Ta koma wurin Kasmuri da ƙwarya cike da ruwa. Ya sha, rabi na zuba ta inda leɓen ya fashe.

"Kin zo ki tambayi inda na ɓoye ta? Duba cikin aljihuna."

"Ajiye baƙar magana, ka bar wa masu dukanka. Me ka gani?"

"Me zan gani? Agwagwa ba ta fita da dare, ni ma haka. Da asuba na buɗe musu. Maimakon su watsu a fadama kamar kullum, sai suka bi kan kunyar nan da ta nufi rafi, layi ɗaya, kamar an ja su da zare. Ina cikin korar su na ji gungume. Na ɗauka gobara ce. Wallahi har na taho da guga."

Ya yi dariyar da ta koma tari.

"Yu, ba hannun ne ya dame ni ba, hannu zai haɗe. Tsuntsayen nan su ne gidana, su ne gonata. Uwarsu da kakarsu a hannuna aka ƙyanƙyashe su. Ina jin muryarsu tun ɗazu, ta fara dushewa. Kuma ina gani, kowa ya wuce ya leƙa shinge sai ya fito da ƙwai a hula. Ni ne ɓarawon."

Lasiyem ta juya. Wata mata na fitowa daga bayan rumfar, zaninta a tattare.

"Mayar," in ji Lasiyem.

"Haba Mbok, ai na ɓarawo ne."

"To ki mayar, kada ki zama 'yar'uwarsa."

*

Kan kunyar, ƙafafun agwagi sun shafe komai, suka bar taɓo mai laushi kamar an lailaye. Amma a gefe, cikin ciyawa, ta tsinci shanshera, ba irin doguwar shinkafar da aka girbe a fadamar ba, gajera mai ƙiba, irin ta rumbu. Wani ya zuba ta a kan hanyarsa don agwagi su share masa sawu. Mai agwagi ba ya sayen hatsi ya zubar, da yana da hatsi da bai bar garinsu ba.

Kusa da rafin ban-ruwa, inda hatsin ya ƙare, sawun ya bayyana. Ba kofato ba, takalmin roba ne na shiga ruwa. An sa wa saniyar takalma, dabarar da ta tsufa har yara sun san ta. A tsallaken rafi sawun takalmi ya ci gaba, ya hau zuwa titi. A nan, cikin kwata, ta sami takalman guda huɗu, ga kuma sawun tayar a-kori-kura a gefen kwalta, ta dama ta baya ta sule sumul.

Duk Kedungsari mota ɗaya ce mai wannan sulalliyar taya.

Ta sami Ngadimin, dillalin shanu, a rumfar shayin bakin kasuwa, ya tasa soyayyen rogo a gaba.

"A'a, Mbok mai hancin kare! Zauna a kawo miki shayi."

"Me motarka ta tsaya yi a bakin kwata jiya?"

Rogon ya maƙale masa. Ya dubi mai shayi, ya rage murya.

"Ƙarfe ne, Mbok, yakan lalace."

"A ƙofar hanyar gidan bazawarar nan mai sayar da taliya yake lalacewa kullum?"

"Don Allah, don Annabi, matata..."

"Matarka ta daɗe da sani, ita ta gaya min. Saniya nake nema."

Ya dafe ƙirji, sannan ya fusata da gaske. "Ni? Saniyar Darsun? In ɗauke ta in kai ta ina? Tsagaggen kunne gare ta, duk dillalin yankin nan ya san ta kamar fuskar surukarsa. Uwarta ma ni na sayar wa Warsiti, Allah ya jiƙanta, da kuɗin wankin da ta yi a birni. Je ki leƙa bayan motar. Buhunan taki ne a ciki tun shekaranjiya, ko akuya ba ta da wurin tsayawa."

Ta leƙa. Buhunan na nan, ruwan sama ya manne su da ƙasan motar.

Ta koma rafi tana zagin kanta. Wannan karon ta durƙusa. Kafin ruwa, sawun na da zurfi, ya karkace, na baya na faɗawa kan na gaba, yadda saniya ke taku. Bayan ruwa kuwa ƙafa biyu ce kawai, dunduniya ke fara sauka. Mutum ne ya zura takalma biyu, ya riƙe biyu a hannu, ya taka zuwa titi ya jefar, a daidai inda ya san motar Ngadimin ke kwana. Saniyar ba ta taɓa tsallakawa ba. Cikin ruwa aka bi da ita, sama ko ƙasa, kuma ruwa ba ya ajiye komai.

Rana ta karkata. Ta tsaya da ƙafafu cikin rafi, haushi na cin ta. Tun safe take bin inda ɓarawon ya tafi, shi kuwa a nan ya zuba duk wayonsa. Inda ya fito fa? Can bai yi tsammanin kowa zai duba ba.

Ta hau tudu.

*

Maƙabartar Kedungsari ba ta da rubutu. Kowane kabari da guntayen katako biyu, kai da ƙafa, ruwa da gara sun cinye duk abin da aka taɓa zanawa. Wanda ya san nasa ya sani. Ana zuwa shara sau ɗaya a shekara, gab da azumi, sauran watanni ciyawa ke mulki.

Ba ta sha wahala ba. A layin farko daga ƙofa, a kan kabari na ɗaya, ga ramin hannu, yatsu huɗu sun ja ƙasa. Na biyu ma haka, na uku, na huɗu. Mutum ne mai sauri da tsoro, yana bi a jere don ya gama ya fita. Na biyar babu rami. Na shida akwai, har zuwa na takwas.

Ta dawo kan na biyar, ta daɗe a tsaye.

Ba tsallake shi kawai aka yi ba. A gefensa ga gurbin gwiwoyi biyu, sun nutse, na wanda ya daɗe a durƙushe. An cire ciyawar kansa da hannu, a gurguje, an bar wata an cire wata, aikin wanda ba ya gani. A wajen kai akwai ɗan tsiron ɗoɗɗoya da wani ya taɓa shukawa. An tumɓuke shi tare da ciyawar, sannan, da ƙamshi ya tashi aka gane, aka mayar da shi rami aka danna ƙasa da tafin hannu. Ya karkace, ganyen ya yi yaushi.

Lasiyem ta san kabarin. Tana cikin waɗanda suka wanke mai shi.

Ta zauna a gindin kamboja. Ta so ta ji tausayi, ta neme shi ta rasa. Abin da ke zuwa mata kawai shi ne hannun da ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, da yatsun da suka ɗaye.

*

Bayan la'asar ta sa Mulyoto ya tara su a tudun. Ya yi gunaguni, ya ce ba a taro a maƙabarta, ta ce ai ɓarawon ma bai nemi izininsa ba. Darsun ya zo da matarsa, Sarju na biye. Ngadimin ya zo yana waige-waige. Kasmuri ma an kawo shi, an rataye masa hannu da tsumma. Sauran gari suka tsaya a bakin shinge, kowa na so ya ga yadda za a tona baƙo.

"Pak Darsun ya ce an watsa masa ƙasar kaburbura bakwai," in ji Lasiyem. "Gaskiya ya faɗa, yau dai. Ga inda aka ɗebo. Ku ƙirga da idonku, kada wanda ya matso."

Suka ƙirga daga nesa.

"Kaburbura takwas a layi, rami bakwai. Ɗaya an tsallake shi. Kang Kasmuri, wa ke kwance a nan?"

"Ina na sani? Ko masu ran garinku ban sani ba, sai ƙafafunsu."

"Ngadimin?"

"Nawa duk suna can bayan kogi, Mbok, kin sani."

"Baƙo da ya shigo cikin duhu, gabansa na faɗuwa, duk kabari ɗaya ne a wurinsa. Zai ɗiba a jere ya gudu. Wanda ya tsallake ya san mai kabarin, ya ji kunyar ɗibar ƙasarta ya je sata da ita."

"Ƙasarta?" in ji Mulyoto.

"A layin nan Warsiti take. Mutum biyu ta bari a duniya da za su ji kunyarta, wanta da ɗanta."

Darsun ya yi tsalle kamar an taka masa wuta. "Ni? In saci saniyata? Tsohuwar nan ta haukace!"

"An taɓa yi. Ka ɓoye saniya, ka karɓi agwagi, ka tashi da biyu. Ba ka fi ƙarfin haka ba, Darsun, na san ka tun kana satar mangwaro. Amma ba sai mun yi musu ba. Je ka nuna mana kabarin ƙanwarka."

"Don me?"

"Don ka sani."

Ya dubi jama'a, ya ga ana jira. Ya shiga layin yana huci, yana kallon katakan da duk kamarsu ɗaya. Daga nesa ma ana ganin wanda babu rami, amma hankalinsa ya tafi ga wanda ya fi tudu, wanda ya ga ya dace da 'yar gidansu. Ya nufi na shida, ya ratsa ta kan na biyar, takalminsa ya sauka daidai kan tsiron.

"Kawu, ɗauke ƙafarka!"

Muryar ta tsaga tudun. Babu wanda ya taɓa jin Sarju ya ɗaga murya. Ya riga ya iso, ya ture kawunsa gefe, ya faɗi a gwiwa, gwiwoyinsa suka shiga gurbin da ke jiran su kamar an auna. Yana ta tattara tsiron da ya karye da yatsunsa masu ciwo.

Daga ƙasan tudu ana jin kukan agwagi.

"Ina saniyar take?" Lasiyem ta tambaya.

"Tsohon ramin gasa farar ƙasa, cikin daji." Bai juyo ba. "Na bar mata ciyawa."

"Ɗan halak!" Darsun ya ɗaga hannu. "Abincina ka ci ka girma!"

"Tawa ce," in ji Sarju. Yanzu ya juyo, idanu jajur. "Inna ta sayi uwarta. Ranar da aka rufe Inna a nan ka ce ajiya za ka yi min har in girma. Na girma, Kawu. 'Yan maruƙa nawa ka sayar? Ni ina yanka ciyawa kana hawa sabon babur. Na ce ka ba ni ita in sayar in tafi tsibirin Kalimantan aikin gona, ka ce in fara biyan tuwon da na ci."

Nan da nan iska ta juya. Mata suka fara "Allah sarki". Wani dattijo ya ce kowa ya san saniyar ta Warsiti ce, ai sananne ne. Mulyoto ya yi gyaran murya, fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya.

"To, alhamdu lillahi. Ashe maganar gida ce. A je a taho da saniya, kawu da ɗa su zauna, mu manya mu sasanta. A rufa asiri, ba sai ta kai ga hukuma ba. A kwance bawan Allahn nan, a ba shi agwaginsa, ya yi haƙuri."

Jama'a suka fara juyawa.

"Ku tsaya."

Ba ta ɗaga murya ba, amma suka tsaya.

"Da safe, da kuka ɗauka baƙo ne, ba ku ce maganar gida ba. Ba ku ce a zauna ba, sai da ƙashi ya karye. Yanzu ɓarawo ya zama naku, sai ga haƙuri ya fito daga kowane aljihu. Tun yaushe kuka san saniyar ta Warsiti ce? Kun sani kuna shan shayin Darsun, ba wanda ya buɗe baki. Wannan ku da Allah." Ta juya kan Sarju. "Kai kuma. Saniya ba ta dame ni ba, ka ɗauki abinka, da rana ya kamata ka ɗauka. Ka zuba hatsi don agwagi su share maka sawu, wannan wayo ne. Amma da ka ga an nufi rumfarsa da sanduna, ka san bai yi komai ba. Kai kaɗai a duniya ka sani. Me ka yi?"

Sarju ya ci gaba da danna ƙasa a gindin tsiron.

"Faɗa wa uwarka, tana ji. Ka ji kunyar ɗibar ƙasarta, me ka yi da hannun da ka cire mata ciyawa?"

"Na ji tsoro," ya ce. "Na ga in na tsaya a baya za a dube ni."

"Sai ka shiga gaba."

Ta nuna Kasmuri. "Mutumin nan zai kora agwagi zuwa girbin gaba, ya ɗauki shingen gora, ya kafa rumfa, ya haƙa musu wurin ruwa. Da wane hannu? Mulyoto, ka ce ku manya za ku sasanta. Ga sulhuna. Kowa ya ɗauki ƙwai ya mayar, wanda ya riga ya soya ya kawo hatsi. Sarju ya ɗauki kayan mutumin nan ya bi shi, har ranar da hannun zai iya ɗaga sanda. In ba haka ba, gobe tun safe ina gaban hukuma, kuma ba saniya zan kai ƙara ba. Na ga yatsun kowa yau."

Maza da dama suka mayar da hannu baya.

Mulyoto ya dubi Kasmuri. "Ka yarda?"

Kasmuri ya daɗe yana kallon wanda ya karya shi. Ya tofar da jini a gefe, nesa da kaburburan.

"Ban yafe ba," ya ce. "Amma kaya na da nauyi. Ya tsaya a bayan garke, kada ya yi min magana."

*

An ƙirga agwagin da safe, wasu sun mutu a shinge, wasu kuma an ce sun tashi sama, abin da agwagwar kiwo ba ta taɓa yi ba. Lasiyem ta bi gida-gida, ta shiga bayan madafa, ta fito da gashin tsuntsu a hannu, ta karɓi kaza a madadi. Har gidan mai unguwa.

Motocin kasuwar Pahing na wucewa lokacin da suka kama hanyar gabas. Kasmuri na gaba, doguwar sanda a hannun hagu, yana kiran tsuntsayensa da dusasshiyar murya, suna bin sa suna rangaji. Sarju na can baya, shingen gora a naɗe a kafaɗa, rumfar leda a ka. Farar saniyar kuwa tana ɗaure a ƙofar Lasiyem, don ta ce ba ta yarda da ajiyar kowa a garin ba, kuma babu wanda ya sami bakin musu.

Da Sarju ya zo wucewa ta gabanta ya ɗan tsaya.

"Mbok, ɗoɗɗoyar nan..."

"Zan shuka wata. Tafi, sun yi nisa. Ba tafiya kake so ba?"

Ya tafi. Ponirah, da ta leƙo ta katanga, ta ce, "Allah dai ya tsare shi. Mutanen gaɓar tekun nan ba su da amana."

Lasiyem ta dube ta, ta ɗauki lauje, ta tafi yankan ciyawa.